A haɗa tsofaffin dawakanmu da yaranmu masu lalura mana

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, dan Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, magana nake da ita a kan doki. Na san wani yana ganin haka zai ce ana fama da kuɗin masara da kuɗin makaranta wa yake ta doki, to a yi haƙuri a bi ni a hankali, da dokin zan fara amma a kan yaranmu masu lalura maganar za ta dire.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kowa ya ji daɗi, Facebook ya cika da hotunan 'yan lifidi da 'yan kwalkwali da hakimai an sha alkyabba, aka yi ta bayanin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Duk daidai ne. Sai dai abin nan ne na ana ga doki kana ga ƙura, an yabi sirdi an yabi jalala an yabi rawani, shi kuwa wanda ya ɗauko kayan da mai kayan gaba ɗaya ba wanda ya tambayi lafiyarsa.

Kuma fa ba haka muka gada ba. Duk wanda ya tashi a unguwar da akwai barga ya san yadda tsakanin ɗan barga da dokinsa yake. A bayan gidanmu akwai wani dattijo da yake kula da dawakan wani hakimi, Allah ya jiƙansa, tun kafin kiran assalatu zaka ji tarinsa, kana jin tarin zaka ji haniniya ta amsa daga turke, dan sun san shi ne. Ba ya kai kokonsa baki sai ya dama musu dusa da ɗan kanwa, ya zuba harawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa gadon baya da tafin hannu yana ɗaga kofato yana dubawa, yana musu hira kamar yadda zaka yi da mutum. Akwai wani akawal a cikinsu da in ba shi ba babu mai iya saka masa linzami. Ranar da akawal ɗin nan ya mutu wallahi har jaje mutane suka riƙa shiga yi masa, kuma ba wanda ya ga abin dariya a ciki. Masarautunmu ai har sarauta suka ware saboda doki, ga Shamaki nan, ga zagage, ba dan ado aka yi su ba.

Irin waɗannan dattawan ba su je makarantar likitan dabbobi ba amma abin da suke yi shi ne dai likitan zai faɗa maka yau. Doki tumbinsa ƙarami ne in ka kwatanta da girman jikinsa, an halicce shi ya riƙa cin kaɗan-kaɗan kusan duk yini, sannan baya iya amai, abin da ya shiga ya shiga kenan. Shi yasa in ka bar shi da yunwa tun safe sannan ka jibga masa dawa lokaci ɗaya, ko ka cika masa ciki ka hau ka zabura, sai ciwon ciki ya murɗe shi kaga yana birgima yana harbin cikinsa, kuma wannan ciwon yana daga cikin abin da ya fi kashe dawakai a ko'ina. Ruwa kuwa a yini zai sha jarka ɗaya zuwa biyu, in bazara ce ko ya yi aiki ya wuce haka.

To yanzu zo ka ga dokin haya. Ranar asabar ko lahadi lokacin bukukuwa, doki ɗaya sai ya yi hawan angwanci a unguwa biyu ko uku, wannan ya sauka wancan ya ɗare, yara matasa da ba su taɓa share turke ba balle su san sunan dokin, kuɗinsu suka biya saboda haka sai sun more, ana hawansa yadda ake hawan babur ɗin haya a murɗe shi har ƙarshe tunda gyaran ba a wuyanka yake ba. A kan kwalta ake sukuwa a kan kwalta ake zamiya, kofato yana santsi, gwiwa tana daka ƙasa, jijiyar ƙafa tana tsinkewa. Ga linzaminmu na gargajiya mai ƙarfen nan da yake tokare ganɗa da zoben da ya zagaye haɓa, a hannun gwani da ɗan yatsa ɗaya ake juya doki da shi ba tare da an ji masa ciwo ba, amma a hannun yaron da yake son 'yan mata su ga ya iya, fizga ɗaya sai ya tsaga harshe, shi yasa zaka ga kumfar bakin dokin ta koma ja. Ga kaimi ana ta zuba masa a haƙarƙari. Wani kuma ƙato ne ya hau har da goyon aboki a baya, alhali abin da masana suke cewa kada nauyin da ke kan doki, mahayi da sirdi duka, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa, dawakanmu na nan kuwa ba manya bane, yawanci kilo 300 ne zuwa 400, kai yi lissafin da kanka.

Sai an kwance sirdi da daddare ake ganin ɓarnar. Gyambo a tsakiyar baya, fata ta saluɓe wajen bauji, ƙuda na bi. Maganin da ake yi masa kuma baƙin mai ne na inji ko toka, a shafa a mayar da sirdin gobe a kan ciwon. Doki yana cikin dabbobin da tetanos, ciwon sandarewar jiki, ya fi saurin kamawa, ƙaramin rauni ko ƙusa a kofato ya isa, kuma in ya sandare da wuya ya tashi, amma je ka tambayi masu bada haya su nawa ne suka taɓa yi wa dokinsu allurar rigakafi. Duk lokacin da hukuma ta hana kilisa ko hawan angwanci, dalilin da ake bayarwa shi ne an banke mutane ko 'yan daba sun shiga ciki da makamai, kuma gaskiya ne, amma ban taɓa jin an tsare wani saboda ya fasa bakin doki ba, duk da cewa a finalkod ɗinmu na Arewa akwai sashen da ya haramta azabtar da dabba.

Malamai sun fi ni sanin wannan fagen, amma ko ɗan islamiyya ya san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare, da raƙumin da ya kai ƙarar mai shi wajen Manzon Allah (SAW) cewa yana barinsa da yunwa yana wahalar da shi. An hana dukan dabba a fuska, an hana mayar da bayanta wajen zaman hira. Doki kuwa har cewa aka yi alheri yana ƙulle a makwarkwaɗarsa har tashin ƙiyama. Wannan alherin ne nake son in yi magana a kai, dan akwai wani ɓangarensa da wasu ƙasashe suka daɗe da ganowa mu kuma masu dawakan muna zaune.

Akwai wata mata 'yar ƙasar Denmak sunanta Lis Hartel, gwanar hawan doki ce tun tana budurwa. A 1944 tana da shekara 23, ga ciki, shan inna ta kama ta. Ta haihu lafiya amma ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa suka shanye, hannayen ma sun taɓu. Likitoci suka ce ta manta da doki. Matar nan ta ƙi, ta fara da rarrafe, ta koma sanda, ta sa aka riƙa ɗora ta a kan doki tana faɗowa ana mayar da ita, har ta koyi juya shi da cinya da nauyin jiki tunda ƙafar ba ta aiki. A 1947 ta zo ta biyu a gasar ƙasashen yankinsu. A gasar Olamfik ta 1952 a birnin Helsinki, karon farko kenan da aka bar mata suka kara da maza a wasan sarrafa doki, ta ci lambar azurfa, matar da sai an ɗora ta an sauke ta. Wanda ya ci zinare, wani hafsan sojan Suwidin mai suna Henri Saint Cyr, shi ya je ya taimaka mata ta hau dandamalin karɓar lamba. A 1956 ta sake cin azurfar a Stockholm. Daga labarinta ne likitocin gashin ƙashi a Turai suka fara ɗaukar abin da muhimmanci, suka fara ɗora yaran da shan inna ta taɓa a kan ƙananan dawakai. Zuwa 1969 an kafa ƙungiyar hawan doki ta masu buƙata ta musamman a Ingila, wadda Gimbiya Anne take shugabanta, a shekarar kuma aka kafa irinta a Amurka, kuma har yau suna nan suna aiki da dubban yara da manya.

Ba tsafi bane ba kuma aljanin doki bane, bayaninsa a fili yake. In doki yana tafiya a hankali, ba sassarfa ba ba sukuwa ba, bayansa yana kaɗa ƙugun wanda ke kai gaba da baya, hagu da dama, da ɗan juyi, kusan daidai da yadda ƙugun mutum yake motsi in yana tafiya da ƙafarsa. Yaron da bai taɓa taka ƙasa ba sai jikinsa ya ɗanɗani yadda tafiya take. Doki yana yin kusan taku 100 a minti ɗaya, kaga a rabin awa wajen sau 3,000 kenan yaron zai gyara zama ya riƙe wuyansa ya tsayar da bayansa ba tare da ya san motsa jiki yake ba, shi a ganinsa wasa yake. Duk uwar da ta taɓa kai yaro gashi asibiti ta san yadda ake kokawa da kuka kafin ya yarda a miƙe masa ƙafa sau goma. Sannan yawanci ba a saka sirdi, ɗan bargo ake shimfiɗawa, saboda jikin doki ya ɗan fi namu ɗumi, wajen digiri 38, ɗumin nan da buɗe ƙafar da yaron ya yi suna sassauta jijiyoyin cinya da suka ɗaure. Binciken da aka yi a kan yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun haihuwa ya nuna ana samun ci gaba wajen iya zama da daidaita jiki da raguwar sandarewar cinya. Baya warkar da ciwon, kar wani ya ji wannan gobe ya buɗe shago ya ce yana tayar da guragu da doki, mun san halin mutanenmu. Ƙari ne a kan gashin asibiti.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da na'ura. Yaron da kullum a ƙasa yake, a kan tabarma ko a keken guragu, kowa sai ya sunkuyo yake masa magana, wasu ma ba sa yi masa maganar sai dai su tambayi uwarsa yaya jikinsa yana zaune yana ji, ranar da aka ɗora shi a kan doki shi ne a sama kowa yana ɗaga kai yana kallonsa. Mu da muka san abin da hawa yake nufi a ƙasar Hausa ai mun fi Bature sanin girman wannan. Doki kuma baya ƙyamar yawun da ke zuba, baya cewa ɗan ruwa ne, in yaron ya miƙo masa harawa zai karɓa kamar yadda zai karɓa a hannun ɗan sarki. Shi yasa a can har yaran da ba sa son magana da mutane da tsofaffin sojojin da yaƙi ya taɓa musu hankali ake kai su wajen dawakai, wasu ba ma hawa suke ba, sharce jiki da ba da abinci kawai suke yi.

Masu buƙatar kuwa muna da su har sun yi yawa. An ga shan inna ta daji ta ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita, alhamdulillahi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kuma ba ragwaye bane, ƙwallon guragu da ake bugawa a kan allo mai taya ɗan Kano ne Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ta a 1988. Sai kuma waɗanda suka fi yawa yanzu, yaran da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ko sanƙarau ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, shekara uku wuya bai tsaya ba, shekara biyar ba a zama, suna cikin ɗaki a ɓoye, uwar ce kaɗai take ɗawainiya, wani lokacin ma har gori ake mata.

Abin da yake bani takaici shi ne duk kayan aikin muna da su. A Turai in za a ɗora yaro mutum uku ake nema, ɗaya ya ja ragama biyu su tafi a gefe suna tallafe da shi, kuma sai sun yi ta cigiyar masu aikin sa kai an koya musu. Mu fa? Aikin zagi kenan tun kaka da kakanni, ya san yadda ake tafiya kafaɗa da kafaɗa da doki, ya san in kunne ya kwanta me ake nufi. Dawakan sarakuna da hakimai daga ƙaramar sallah sai babbar sallah sai ɗan abin da ba a rasa ba, sauran watannin suna turke suna cin harawa, ga na 'yan folo a Kano da Katsina da Kaduna da Zariya. Ga asibitin ƙashi na Dala, ga sashen koyar da fisiyo, wato gashin ƙashi, a Jami'ar Bayero, ga tsangayar likitan dabbobi a ABU Zariya da ta Jami'ar Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri. Kowa yana harkarsa, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar wani.

Kuma dokin da wannan aikin yake so ba ingarma mai tashe bane mai rawa da tsalle, a'a, tsoho ake nema mai sanyin hali wanda ya ga duniya, wanda ya sha jin bindigar 'yan baka da algaita da tambari har ba abin da yake razana shi. Wato daidai dokin da mu muke cewa ya gama amfani. Shi ne ake kaiwa kasuwa irin ta Maigatari a sayar da arha, in ya yi rashin sa'a ya faɗa hannun masu haya su ƙarasa shi, ko a loda shi a tirela zuwa kudu, Obollo-Afor a jihar Inugu an san ta da yankan dawakai. Dokin da ya ɗauki hakimi shekara goma yana kai jafi gaban sarki, ƙarshensa kenan. Doki in ya samu kula yana kai shekara 25 har 30, tafiyar rabin awa da yaro mai kilo 15 a bayansa ba komai bace a wajensa.

A nan ne maganar farko da ta biyu suka haɗu. Dokin da aka saba dukansa a fuska, wanda bakinsa ya fashe bayansa yake da gyambo, ba zaka ɗora masa yaro mara ƙarfin wuya ba, dan ana taɓa wajen ciwon zai zabura ko ya kai cizo, kuma ɗingishi kaɗan ya isa ya ɓata kaɗawar da ake nema. Sai doki mai lafiya wanda ya yarda da mutum. Su ma masu wannan aikin a can suna ƙayyade awannin da doki zai yi a rana, suna bashi hutu, in ya nuna ya gaji da aikin a sallame shi. Duk dokin da muka bari 'yan kilisa suka lalata, mun rage wanda zai yi wa yaranmu amfani ne.

Maganar kuɗi kuma, eh kiwon doki da tsada, buhun dusa ma yanzu ba wasa ba. Amma ba cewa na yi gwamnati ta sayo dawakai ta gina wata cibiya a yanka kintinkiri a kulle ba. Dawakan da ake ciyarwa dama ake magana. Hakimi ɗaya ko kulob ɗin folo ɗaya ya ware doki biyu da safiyar asabar, a fili mai yashi ba kwalta ba, likitan dabbobi ya duba su ya yi musu rigakafi, likitan fisiyo ya zaɓo yaran da suka dace ya tsaya a wajen, a sayi hular kwano ta yara guda biyar, zagage su riƙe. Ɗalibai masu neman abin rubuta kundin digiri su auna yaran kafin a fara da bayan wata uku mu gani a ƙasarmu da dawakanmu ya abin yake. Masu riƙe da sarautar Shamaki kuma su sa baki a harkar haya, ko da cewa ne ba a ɗora sirdi a kan gyambo kuma ba a sukuwa a kwalta, na san in daga fada maganar ta fito za a ji fiye da in ɗan sanda ne ya faɗa.

Iyaye kuma dan girman Allah kar wanda ya karanta wannan ya ɗauki yaronsa ya kai wa masu dokin haya na bakin titi. Akwai yaran da hawan zai cutar da su, mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, da wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, da wanda ƙashin bayansa ya karkace sosai, da wasu yaran da gaɓar wuyansu ta sama take da sako-sako wanda sai an yi hoto ake ganewa, kuma ƙasa da shekara biyu ba a ɗorawa sam. Likitan da yake ganin yaron shi zai ce eh ko a'a. Ina roƙon in akwai likitan fisiyo ko na dabbobi ko wani mai barga cikin masu karanta jaridar nan, ya rubuto ta wannan shafin ya faɗi abin da zai iya bayarwa, doki ne ko fili ko lokacinsa, Edita kai kuma ka taimaka ka haɗa su.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga cikin birnin Kano